Ranar da Kanwa Ta Hau Gadar Gishiri

Ku bar ni in fara gaya muku abin da ake kira gadar gishiri, don wallahi in na riƙe shi a ciki ba zan iya ci gaba da labarin ba. Kuma in ba ku san ta ba, ba za ku gane yadda aka yi lagwanin fitila ya raba ni da makaranta ba.

Ni ɗan Fammar ne, ta ƙasar Kibiya. Na gama sakandare, sakamako ya fito, na ci komai ban da kemistiri, shi ne kuwa darasin da na fi so duk duniya. Makarantarmu tana da ɗakin gwaji, har an rubuta da fenti a saman ƙofa, amma abin da ke ciki karyayyun kujeru ne da buhunan siminti da suka daskare. Ranar da aka zo kan darasin batir, malaminmu ya zana kofi biyu da alli, ya zana wani abu a kife a samansu kamar baka, ya ce, "Wannan ita ce gadar gishiri. Ku haddace, tana fitowa a jarrabawa."

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, me take yi?"

Ya ce, "Tana kammala zagayen wuta."

Na ce, "Ta yaya?"

Ya ce in zauna, ina ɓata wa mutane lokaci. Yanzu ba na ganin laifinsa sosai, ina jin shi ma a allo ya taɓa ganinta. Amma a jarrabawa an tambaye mu launin abubuwan da ba mu taɓa gani ba. Ta ina za mu ci?

Bayan na faɗi ne na fara koyon kemistiri na gaskiya. Akwai wani dutse a bayan gari da waya ke kama sabis sosai a kansa. In mun taso daga gona sai in hau, in yi ta kallon bidiyon masu gwaji, in maimaita, in sake maimaitawa, har cajin wayar ya ƙare. A kan dutsen nan na gane gadar gishiri, kuma ranar da na gane ta, sai da na yi ihu har wani mai kiwo ya juyo ya ɗauka maciji ne ya sare ni.

Ga yadda abin yake. Ka samu kofi biyu. A na farko ka zuba ruwan gishiri, ka tsoma tutiya, wato farin ƙarfen nan da ke jikin batirin rediyo in ka ɓare takardarsa. A na biyu ka tsoma jan ƙarfe a cikin wani shuɗin ruwa, wanda shi ma jan ƙarfe ne narkakke a cikinsa. Sai ka haɗa ƙarafan biyu da waya. Ita tutiya mai sakin hannu ce. Tana narkewa a hankali, duk ƙwayar da ta narke sai ta bar wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ilektron, su kuma su bi waya su tafi ɗaya kofin, jan ƙarfen da ke cikin shuɗin ruwan ya cafe su, ya fito daga ruwan ya manne. Wannan tafiyar da suke yi a cikin waya, ita ce wutar lantarki. Shi ke nan fa! Ba aljani, ba tsafi.

To amma in ka tsaya nan, kafin ka ƙifta ido tafiyar ta tsaya cak. Saboda kofin tutiya yana ta cika da caji fositif, ɗayan kuma negatif ya yi masa yawa. Duk wanda ya taɓa kora jaki zai gane. In ka yi ta kwasar taki daga gefe ɗaya na mangala kana zubawa a ɗaya gefen, mangalar za ta karkace, jaki ya turje, ko ka karya sanda a jikinsa ba zai ɗaga ƙafa ba. Sai an daidaita kayan. Aikin gadar gishiri ke nan. Wani abu ne jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, a ɗora shi kai ɗaya a wannan kofin, kai ɗaya a wancan. Shi gishiri in ya narke rabuwa yake yi gida biyu, rabi fositif, rabi negatif. Sai negatif ɗin ya gangara kofin tutiya, fositif ɗin ya gangara kofin jan ƙarfe, mangala ta daidaita, jaki ya ci gaba da tafiya. Kuma ku ji wani abin daɗin: gadar tana haɗa ruwan biyu ba tare da ta bari sun gauraya ba. Don in shuɗin ruwan ya taɓa tutiya kai tsaye, a nan za su yi cinikinsu su gama, waya ba ta ga komai ba, ƙarfin ya tafi a banza. Kai, wanda ya fara tunanin abin nan Allah ya ba shi kai.

Na ce sai na gani da idona. Tutiya na samu a jujin bayan shagon mai caji, na tsaga matattun batura na goge da toka. Jan ƙarfe na warware daga wata ƙonanniyar fanka, na kankare shi da reza. Kofuna, gorar ruwa na yanka. Gada kuwa, masu bidiyo da bututun gilashi suke yi, ni ina na ga gilashi? Na gwada ƙyalle, na gwada takarda, daga baya na tuna da lagwani, irin mai faɗin nan na fitilar ƙwai da yanzu ba mai saye. Wata tsohuwa mai koli a kasuwar Kibiya ta tono min sababbi daga ƙasan kwando. Shuɗin garin da ake damawa a samu shuɗin ruwan ne ya ba ni wuya. A Rano na same shi, a shagon maganin dabbobi, Fulani ke saye suna wanke kofaton tumaki. Ya ƙare ma, ɗan guntun da ya maƙale a gindin leda mai shagon ya karkaɗe min, ya ce kada in kuskura ya shiga bakina.

Kofi biyu ba sa iya kunna komai, sai da na jera huɗu, lagwani biyu, na haɗa da 'yar jar fitilar nan ta jikin caja. Na ɗora lagwani na biyu ke nan sai ta yi ja. Ja kaɗan, kamar garwashin da toka ta rufe, amma ja. Na cire lagwani, ta mutu. Na mayar, ta kama. Na cire, na mayar, na cire, na mayar, har Baba ya leƙo ya ce ko lafiya nake dariya ni kaɗai.

To ga inda maganar take. Ina son in sake jarrabawa, kuma a wannan karon a makarantar da ke da kayan gwaji na gaske, a Kano. Baba manomi ne, dawar shekarar kuma ba ta yi kyau ba, ya gaya min gaskiya ba zai iya ba. Mutum ɗaya ne a danginmu zai iya, Kawu, yayan Innata, Alhaji ne mai motocin haya a tashar Rano. Gwaggo, yayar Baba, ita ta ɗauki mayafi ta je ta same shi. Ta dawo da amsa. Kawu ya ce an gaya masa wai ina haɗa wuta da ruwan gishiri. Zai zo ranar Juma'a ya gani da idonsa. In gaskiya ne, shi zai kai ni Kano da kansa kafin a rufe rajistar jarrabawa, wadda dama ta kusa. In kuwa wasan yara ne, yana da gurbin yaron mota, in zo in koyi abin da zai ciyar da ni.

Za ku ce me ya sa Gwaggo ce ta je, ba Inna ba, alhali yayanta ne? Ni ɗan fari ne. A gidanmu har yanzu ana riƙe da wannan kunyar sosai. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta tambayata ina na je. In ta ajiye min tuwo, bango take gaya wa cewa ga abinci nan. Ƙannena kuwa har dungure musu kai take yi, ta zage su, ta yi musu wasa. A ce ta je gaban yayanta ta roƙa wa ɗan fari alfarma? Ai sai a yi ta yi da ita a dangi. Ni kuma ban taɓa jin haushin abin ba a lokacin, haka na taso na gani.

Kafin Juma'ar na yi ta gwaji a tsakar gida, a gindin bishiyar darbejiya. Damuwata ɗaya, hasken ya yi kaɗan. Kuma shuɗin ruwana sai ƙara dishewa yake, don duk kunnawa tana cin jan ƙarfen da ke ciki, ba ni kuma da wani garin. Na daina kunnawa ma don in tanada. Ina ta mita ni kaɗai da ƙarfi, kamar yadda na saba, "Lagwanin nan ne ba ya ja da sauri. Gishirin ba ya ratsawa da ƙarfi. Da gadar ta fi haka ƙarfi da hasken ya fi haka." Inna tana can gefe tana tsintar wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ranar Juma'a da hantsi na dama sabon ruwan gishiri a kwanon sha, na jiƙa lagwanin biyu don su sha sosai, na tura kwanon bayan randa inda kaji ba za su kai ba. Muka tafi masallacin Kibiya ni da Baba. Da aka idar, a motar Kawu muka dawo. Ɗansa ne ke tuƙi, taubashina, ya girme ni kaɗan, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Farfesa," in ji shi tun a hanya, "an ce za ka ba Fammar wuta kyauta. Ka ja min layi ɗaya zuwa Rano mana, ko don in riƙa goge riga."

Na ce, "Wace rigar? Wannan da baƙin mai ya cinye?"

"Ji ɗan mace da baki! Alhaji, ka ji bawan namu ya fara tsaurin ido tun bai zama injiniya ba."

Kawu ya yi murmushi, ya ce mu bar shi ya ji da zafin rana.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Gwaggo ta aiko da fura. Kawu ya zauna ya jingina da bango, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Baba a gefensa. Na jera kofuna huɗu a kan wani katako. Na fara bayani, don na shirya bayanin tsaf, har da jakin da mangalarsa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ni ba karatu na zo ɗauka ba. Kunna mu gani."

Taubashina ya ja da baya da gangan, ya tattare rigarsa. "Tsaya in matsa, kada ta ja ni, ban yi aure ba."

"Ai ta fi son masu maiƙo a jiki," na ce, na ruga ciki na ɗauko kwanon.

Da na tsamo lagwanin na ji yana da santsi a yatsuna, wani irin santsi kamar na sabulu. Na ji, wallahi na ji. Amma Kawu yana kallona, na ce gumin hannuna ne. Ban ma matse su ba, don ina son su sha gishiri da yawa. Na ɗora na farko yana ɗiga. Na ɗora na biyu.

Fitilar ta yi ja.

A daidai nan wayar Kawu ta yi ƙara. Wata motarsa ce ta lalace a hanyar Kano da fasinja cike. Ya juya fuska wajen ƙofa, ya toshe ɗaya kunnen, yana faɗa da direba. Na ce, "Kawu, duba! Kawu!" Baba ya taɓa ni ya ce in bari babba ya gama magana. Ni kuwa idona yana kan kofunan, ina ganin abin da ban taɓa gani ba. Inda bakin lagwani ya taɓa shuɗin ruwa, wani gajimare ya fara tashi, kore-kore, fari-fari, da 'yan ƙananan kumfa. Ya yi ta bazuwa yana sauka ƙasa. Ruwan da yake garai-garai ya koma kamar kunun da aka dama da shuni. Bakin lagwanin ya yi wata dasƙararriyar laka. Jan fitilar ya fara ja da baya, yana ja da baya, ina kallo, kamar ana janye shi da zare.

Lokacin da Kawu ya kashe waya ya juyo, babu komai.

"To, ina wutar?"

"Ta kama, Kawu. Wallahi ta kama, yanzun nan ta mutu."

Ya dubi Baba. "Malam, ka gani?"

Baba idonsa ɗaya yana da yana, ga hasken rana yana shigowa ta ƙofa. Ba ya ƙarya ko don ɗansa. Ya ce, "Kamar dai na ga wani abu, Alhaji. Ba zan rantse ba."

Kawu ya dubi ɗansa. Shi ya gani. Na san ya gani, don na ga lokacin da bakinsa ya buɗe. Amma taubashi ne, an ba shi fili, ga dariya tana jiransa a ƙasa kamar tsintuwa.

"Ni dai Alhaji kunu na ga ya dama. Farfesa, a kawo ludayi ne, ko da ƙosai za a sha?"

Kawu ya yi dariya har da tari. Ban ce da mugunta taubashina ya yi ba. Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara, ni ma na sha yi masa wanda ya fi wannan a gaban mutane. Amma ranar ba ranar wasa ba ce, shi kuma bai san bambanci ba, har yau ma ban ga alamar ya sani ba.

Na ce a ba ni dama in sake. Na cire lagwanin, na matse, na mayar. Na girgiza waya. Na goge tutiya da bakin rigata. Babu. Shuɗin ruwan ya riga ya mutu, ba ni kuma da ko ƙwayar garin. Kawu ya mayar da hularsa.

"Malam, ka gani dai, ni ban ƙi yaro ba. Da ƙafata na zo. Amma shekarunsa sun wuce wasa da gwangwani. Ya haɗa kayansa ya same ni a tasha. Mota ma ilimi ce."

Baba ya ce, "Haka ne, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Na ma raka su har bakin mota. Na ce a sauka lafiya.

Washegari da safe ina tsugune a bayan madafa ina wanke kofunan, kaina ya kulle, na rasa me ya faru. Gwajin da na yi ta yi yana kamawa, me ya canza? Inna da Gwaggo suna ɗaya gefen zana suna ɓarar gyaɗa, ba su san ina nan ba. Sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa.

"Ni dai na yi iya yina, Gwaggo."

"Me kika yi?"

"Na ji wancan yana ta mita, wai abin nasa ba ya ratsawa da ƙarfi. Da suka tafi masallaci sai na ɗauko ruwan kanwata, tataccen nan da na ajiye a kwalba don kuɓewa, na juye masa rabi a kwanon. Na ce ko wake mai taurin kai ai ya san kanwa, bare ɗan lagwani." Na ji ƙarar ɓawon gyaɗa. "Ashe bai isa ba."

Gwaggo ta ce, "Ayya. Da kin sani kin juye duka."

"Na so in juye. Na ji tsoron kada ya gane an taɓa."

Na daɗe a tsugune da kofi a hannu. Sai da ƙafata ta yi sanyi.

Kuma ku ji halin ɗan Adam. A cikin wannan baƙin cikin, wani ɓangare na kaina tsalle yake yi, don na gane! Akwai ɗan shuɗin ruwa da ya rage a gindin kwalbar da na fara dama garin, bai fi cokali ba. Da suka shiga ɗaki na ɗiga masa ruwan kanwa. Nan take ya yi kumfa, ya zama wannan koren kunun sak. Ashe abin da na karanta na wuce ba tare da na tsaya a kansa ba, shi ne gaba ɗaya sirrin. Ba kowane gishiri ake ɗorawa a gada ba. Dole ya zama ɗan ba-ruwanmu, wanda zai wuce ta tsakanin ruwan biyu bai kula kowa ba. Gishirin miya haka yake a wannan haɗin, ya shiga ya daidaita caji ya yi shiru. Kanwa kuwa, ai ba a banza ake ce mata uwar gami ba. Tana ganin jan ƙarfen da ke narke a ruwa sai ta kama shi, su dunƙule su zama laka su kwanta a ƙasa. Jan ƙarfen da zai karɓi ilektron ya tafi, lakar kuma ta toshe bakin lagwani. An kashe mai karɓa, an rufe hanya, a lokaci guda. Wannan gwaji ne mai kyau ƙwarai, wallahi. Da a makaranta aka nuna mana shi, da ba wanda zai manta da shi har ya mutu.

Ban gaya mata ba. Ta yaya ma? In ce mata, Inna, na ji abin da kika faɗa, na san kin damu da ni? Wannan kaɗai zai sa ta kasa haɗa hanya da ni. Sannan in ƙara da cewa hannunki ne ya kashe fitilar? Ba zan iya ba, kuma duk wanda ya karanta wannan ya san gidanmu, na haɗa shi da Allah ya bar shi a cikinsa.

Amma abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Magana ɗaya ce fa. Da ƙanena ne ke gwajin, da daga inda take zaune za ta ɗaga murya ta ce, "Kai, in sa maka kanwa?" ya ce, "A'a Inna, ɓatawa za ta yi," shi ke nan, an wuce wurin. Ni da ta fi so ta taimaka, ni ne ba ta da bakin tambaya. Mutane suna yabon wannan kunya, suna cewa ita ce mutunci, ita ce tarbiyya. Na ji. Amma ni na san abin da ta ci min, kuma ba wanda zan kai wa ƙara, don duk wanda ke cikin maganar alheri ya nufa. Kawu da ƙafarsa ya zo. Baba gaskiya ya faɗa. Taubashi wasa ya yi. Inna ƙauna ta zuba. Ni kaɗai na tashi da jakar kaya.

Na fara aiki a tashar Rano. Kiran fasinja, ɗaurin kaya, wankin mota, a tafi Kano a dawo, a sake tafiya. A motar taubashina aka sa ni, sunan Farfesa kuma ya bi ni har masu sayar da rake suna kirana da shi. Duk lokacin da na samu sarari sai in leƙa shagon maganin dabbobi in tambayi shuɗin gari. Mai shagon ya ce sai an kawo daga Kano. Ana cikin jiran nan aka rufe rajista. A waya na gani, ina zaune a kan buhun masara a saman mota. Ban sauko ba sai da aka yi min tsawa.

Duk da haka na ce akwai baɗi. Alkawarin Kawu ai a kan gani da ido ne, bai gani ba ne kawai. Da garin ya iso na karɓa, na sake tara tutiya, na sayi sabon lagwani. Ruwan gishirin da hannuna na dama, ban kuma matsa daga kansa ba. Bayan azahar, lokacin da tasha ke ɗan lafawa, na jera kofunan a cikin kwali don inuwa, na ɗauka a hankali na kai rumfar da Kawu ke zama da manyan direbobi. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora lagwanin.

Ta kama. Ja sosai, don ruwan sabo ne. Ta kama ta zauna, ba ta ko rawa.

Kawu ya sunkuyo ya leƙa cikin kwalin. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya ɗaga lagwani ɗaya, ta mutu, ya saki, ta dawo. Ya sake yi. Wani tsohon direba ya ce, "Ikon Allah! Alhaji, yaron nan naka shu'umi ne."

"Lallai ta kama," in ji Kawu. "Masha Allah. Ashe da gaskiyarka."

Na ce, "To Kawu, maganar makarantar."

"Ba an rufe ba? Ai kai ka gaya wa ɗan'uwanka an rufe."

"Akwai ta baɗi, Kawu."

"Baɗi ta Allah ce." Ya gyara zama. "Kuma yanzu da hannunka ya faɗa? Ka san direbobi har rigima suke yi a kanka? Wannan ya ce a ba shi kai, wancan ya ce a ba shi kai. Kai kaɗai ne in mota ta ƙi tashi kake buɗe gaba ka duba kan batir kafin a kira makanike. Kayan da ka ɗaure ba ya zuba. Wa zai saki yaro irinka ya tafi zaman aji? Nan da 'yan shekaru ai mota zan damƙa maka."

Direbobin suka ce, "Ƙwarai kuwa. Ka gode wa Allah, yaro."

Na dubi Kawu. Yabona yake yi. Ta ina ake gardama da yabo?

"Ɗauke abin nan ka zubar," in ji shi, "kada akuyar mutane ta sha a ja mana magana. Ga motarku can ta cika, ɗan'uwanka yana ta danna ham."

Na ɗauki kwalin na zagaya bayan rumfar mai faci, inda ake zubar da baƙin mai. Duk girgizar tafiyar nan fitilar ba ta mutu ba. Na tsuguna ina kallonta, ham ɗin yana ta tashi, taubashina yana ƙwala kira, "Farfesa! Fasinja na gumi!" Sai da na sa hannu na zare lagwanin da kaina sannan ta ɗauke. Na juye kofunan ɗaya bayan ɗaya, na tura ƙasa da ƙafa na rufe shuɗin, na goge hannuna a wando, na ruga na kama ƙofar motar tana tafiya.